"Finished" ba ya nufin aiki ya yi kyau

Ba sai an koya wa mai amfani da WhatsApp bambancin tik ɗaya da tik biyu ba. Ɗan ƙaramin agogo na nufin saƙon bai bar wayarka ba. Tik ɗaya, ya bar hannunka ya isa kwamfutocin kamfanin. Tik biyu, ya shiga wayar mutumin. In sun koma shuɗi, ya buɗe. Kuma ko shuɗin ba ya nufin zai biya ka bashin da ka tuna masa. Wannan ilimi ne da ko yaron da ke cajin waya a bakin titi yake da shi, ba tare da ya zauna a aji ba.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda ilimin nan ke ɓacewa da zarar matashi ya samu aiki a ofis, aka zaunar da shi gaban babbar manhajar da kamfani ke tafiyar da harkokinsa da ita. Ya tura aiki, ya ga kalmar "Finished" da koren launi, sai ya rufe kwamfuta ya ce wa oga an gama. Ko ya ga "Cancelled" da jan launi, sai ya ce netwok ne, ya sake dannawa. Duka biyun kuskure ne, kuma tushensu ɗaya: kalmar da ke kan allo labarin tafiyar aikin take ba ka a cikin na'ura, ba labarin sakamakon da kai da oga kuke jira ba. Ra'ayina shi ne duk wanda ke taɓa irin wannan manhaja, akanta ne ko ma'aikacin sito ko mai bautar ƙasa da aka jefa sashen kuɗi, wajibinsa ne ya iya karanta waɗannan kalmomi da abin da ke bayansu. Ba aikin 'yan sashen kwamfuta ne kaɗai ba.

Bari mu ɗauki SAP a matsayin misali, tunda tana cikin manyan manhajojin da kamfanoni ke amfani da su a duniya wajen lissafin kuɗi, saye, sayarwa, ajiyar kaya da albashi. Kamfanin na Jamus ne, tsofaffin ma'aikatan IBM biyar suka kafa shi a 1972, hedkwatarsa na garin Walldorf. A cikin manhajar akwai aiki iri biyu. Akwai wanda kake yi kana zaune, ka danna ta amsa maka. Akwai kuma aikin bayan fage, wanda kake miƙa wa uwar garke, wato babbar kwamfutar da manhajar ke zaune a kanta, ta yi shi a lokacinta ko kana nan ko ba ka nan. Dalilin rabuwar a fili yake. Aikin gaban allo yana da iyakar lokaci, a saitin da aka daɗe ana amfani da shi minti 10 ne, in ya wuce a katse shi don kada mutum ɗaya ya tare wa kowa hanya. To lissafin albashin ma'aikata dubu, ko fitar da takardun cajin kuɗi na wata guda, ba lallai ya ƙare cikin minti 10 ba. Sai a tura shi baya. Wayarka ma haka take yi lokacin da take adana hirarrakinka cikin dare ko take sabunta manhajoji kana barci.

A SAP, shafin da ake tsara irin wannan aiki lambarsa SM36, wanda ake duba halin da yake ciki kuma SM37. A nan ne kalmomin nan shida suke zaune: Scheduled, Released, Ready, Active, Finished da Cancelled.

Tarkon farko na cikin biyun farko. Duk mai ɗan Turanci da ya ga "Scheduled" zai ɗauka an sa wa aikin lokaci, jira kawai ya rage. Ba haka ba ne. A yaren SAP, aikin da ke wannan matsayi an rubuta matakansa, amma ko dai ba a ba shi sharaɗin farawa ba, ko ba a sake shi ba. Zai iya kwana a haka, ya yi mako, ya yi shekara, ba zai motsa ba. Kamar wasiƙa ce da aka rubuta aka sa a ambulan aka bari cikin aljihun tebur. Wanda ke jiran lokacinsa da gaske shi ne "Released". Kuma sakin aiki izini ne na musamman da ba kowane ma'aikaci ake bai wa ba. Saboda haka sabon ma'aikaci na iya tsara aiki daidai, ya tafi gida hankalinsa kwance, washegari ya tarar ba abin da ya faru, don ba shi da ikon saki kuma bai san sai wani ya sakar masa ba. A nan laifin ba na yaron ba ne kaɗai. Kalmar ce aka zaɓa ba daidai ba, kuma ta zauna shekara da shekaru har waɗanda suka saba da ita sun daina ganin aibinta.

"Ready" layi ne kawai. Lokaci ya yi, amma duk guraben da uwar garke ta ware wa ayyukan bayan fage a cike suke. Guraben ƙidayayyu ne, kuma ayyuka aji-aji ne, A da B da C, inda A ke shiga gaba. In naka ɗan C ne kuma ranar ƙarshen wata ce, kowane sashe na tura nasa, to sai haƙuri. Sau da yawa ma ba za ka ga kalmar "Ready" ɗin ba, sai dai aikin ya tsaya a "Released" lokacinsa ya wuce. Akwai wani gurbi a shafin mai suna "Delay" da ke ƙirga jinkirin da daƙiƙa. In lambar na hawa, cunkoso ne. Tura wani sabon aiki irinsa a wannan hali daidai yake da mutumin da ya gaji da layin banki ya kira ƙaninsa ya zo ya taya shi tsayuwa a bayansa.

Wani ƙaramin abu kafin mu wuce: duba agogon da manhajar ke aiki da shi. In uwar garken na wata ƙasa ko an saita ta a kan agogon duniya na UTC, Najeriya da Nijar suna gaba da shi da awa ɗaya. Aikin da ka zaci ya makara wataƙila lokacinsa ne bai yi ba.

Yanzu ga wanda ya sa na ɗauki alƙalami. "Finished" na nufin abu ɗaya tak: duk matakan aikin sun yi gudu har ƙarshe ba tare da shirin ya faɗi ba. Shi ke nan. Bai ce an biya kowa ba. Bai ce takardu sun fita ba. Bai ce lissafin daidai ne ba. Direba ne ya dawo tasha lafiya, amma ba wanda ya tambaye shi ko ya sauke kayan, ko ma an yi masa lodi tun farko.

A ce ranar Alhamis ce, kamfani zai biya masu kawo masa kaya su 40 ta hanyar shirin biyan kuɗi na atomatik, wanda a SAP ake kira F110. Shirin na bi mataki-mataki: a shigar da sharuɗɗa, ya fitar da jerin waɗanda yake ganin sun cancanci biya, a duba, sannan a zartar. In a cikin 40 ɗin akwai 6 da aka toshe biyansu, ko ba a shigar da bayanan bankinsu ba, ko ba a saka musu hanyar biya ba, shirin ba zai faɗi ba. Zai ware su gefe cikin jerin waɗanda aka tsallake, ya biya 34, ya nuna maka kore. A wurinsa ya yi aikinsa daidai, kuma gaskiyarsa ne. Kai ne ka yi wa rogo kallon kitse. Ranar Litinin mutum shida za su cika wayar oga da kira, ɗaya daga cikinsu mai kawo man janareta ne, kuma kai ne ka ce an gama.

Ko 34 ɗin ma, koren bai ce kuɗi ya bar banki ba. Abin da ya ce shi ne an rubuta biyan a littafin kamfani. Akwai fayil ɗin da za a fitar a miƙa wa banki, akwai masu sa hannu, akwai layin bankin shi kansa. Tsakanin "Finished" da alat a wayar mai kaya akwai tik biyu ko uku da allonka ba ya nunawa.

Akwai wanda ya fi wannan ɓoyuwa. Ayyukan da ke maimaita kansu kullum ko duk wata suna aiki ne da saitin da aka adana, wanda manhajar ke kira "variant". In wanda ya tsara shi ya rubuta kwanan wata tsayayye maimakon wanda ke sauyawa da kansa, aikin zai riƙa tashi kowane dare, ya nemi bayanan watan da ya wuce, bai samu sabon abu ba, ya rufe cikin daƙiƙa biyu, ya nuna kore. Zai iya yin makonni a haka. Alamar da ke tona asirinsa ita ce tsawon lokacin da ya ɗauka. Aikin da ya saba cin minti 20 yau ya gama cikin daƙiƙa 3, wannan ba sauri ba ne, ba a ba shi komai ba ne. Ni dai na fi jin tsoron irin wannan kore fiye da ja, domin ja ko ba komai yana ihu.

Maganin ba wani sihiri ba ne. A shafin SM37 akwai maɓallin "Job log", kundin da aikin ke rubuta abin da ya same shi layi-layi, da lokacin kowane layi. Akwai kuma "Spool", inda rahoton da ya fitar yake. Buɗe su ba ya cin minti biyu. Tambayar da za ka yi musu ita ce: nawa aka ɗauka, nawa aka sarrafa, nawa aka tsallake? Wasu shirye-shiryen suna ajiye kurakuransu a wani kundi na daban, misali na fitar da takardun caji a dunƙule yana da nasa. Wannan shi ne abin da ya kamata ka tambayi wanda ka gada a kujerar tun makon farko: in wannan aikin ya nuna kore, ina kuma nake dubawa?

"Cancelled" shi ma yana yaudara, ta wata fuskar. Kalmar na sa mutum ya ɗauka wani ne ya soke aikin, har a fara zargin juna a ofis. Zai iya zama hakan, mai kula da manhajar na da ikon tsayar da aiki. Amma a mafi yawan lokuta shirin ne ya ci karo da kuskuren da ba zai iya wucewa ba. Dalilan da aka saba gani kaɗan ne. Sunan ma'aikacin da aikin ke gudu a ƙarƙashinsa ba shi da izinin wani mataki. Ko ma'aikacin ya bar kamfanin, aka goge asusunsa, duk ayyukan da ya tsara da sunansa suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Ko ma'ajiyar wucin gadi ta cika saboda an nemi bayanai masu yawa lokaci guda. Ko fayil ɗin da aikin ke jira daga wani wuri bai iso ba. Layukan ƙarshe na kundin aikin kan faɗi wanne ne, in kuma shirin ya yi mummunar faɗuwa, cikakken bayanin na shafin ST22. Ka lura, ba ɗaya daga ciki da ya shafi sabis ɗin wayarka ko intanet ɗin ofis. Aikin a kan uwar garke yake gudu. Ko an ɗauke wuta a unguwarku kwamfutarka ta mutu, shi bai sani ba. "Netwok ne" amsa ce da muka ɗauko daga shagon POS muka shigo da ita inda ba gidanta ba.

Haɗarin ja shi ne hannu na ƙaiƙayin sake dannawa. Aikin da ya faɗi ba lallai ne ya faɗi a farko ba. In yana da matakai uku ya mutu a na biyu, abin da na farko ya rubuta yana nan daram, na uku kuma bai tashi ba. Shirye-shirye da yawa suna adana aikinsu kashi-kashi, saboda haka ko cikin mataki ɗaya ana iya samun rabi ya shiga rabi bai shiga ba. Wasu an gina su yadda in aka sake tayar da su za su tsallake abin da suka riga suka yi. Wasu kuwa, musamman waɗanda kamfani ya sa aka rubuta masa na kansa, za su sake yin komai daga farko. A nan ake samun shigar da kaya sau biyu a sito, ko caji biyu a kan kwastoma ɗaya. Garin gyaran gira a rasa ido. Kafin ka sake dannawa, sai ka san inda ya tsaya da kuma halin shirin.

"Active" da ya ƙi ƙarewa fuska biyu gare shi. Ko dai yana aiki da gaske, wataƙila yana jiran wani ya saki bayanin da ya riƙe a buɗe, ko kuma ya mutu tuni allon ne bai samu labari ba, kamar yadda kan faru in uwar garke ta sake tashi yana tsakiyar gudu. SM50 na nuna ko akwai gurbin da ke ɗauke da shi a zahiri, kuma a SM37 akwai umarnin "Check status" da ke sa manhajar ta gyara matsayin in ƙarya yake. Wannan aikin mai kula da manhajar ne, naka shi ne ka san za a iya tambayarsa.

Kada a ɗauka SAP ce kaɗai ke da wannan hali. Oracle E-Business Suite ta raba abin biyu, mataki da matsayi, har kana iya ganin "Completed" tare da "Warning" ko "Error" a gefensa, wato ya ƙare amma da magana. A ganina wannan ya fi gaskiya. Sai dai ita ma tana da nata abin dariyar: "No Manager". Ba manaja ne ya fita cin abinci ba. Shirin da ke rarraba ayyuka ne ba ya aiki, ko ba a ware wanda zai ɗauki irin wannan aikin ba. Microsoft Dynamics 365 kuma tana da "Withhold", wanda ke zaune ba motsi kamar "Scheduled" na SAP, da "Waiting" wanda shi ne mai jiran lokacinsa.

Wanda ke ganin duk wannan ƙananan abubuwa ne, ya duba abin da ya faru a Birtaniya a watan Yunin 2012. Rukunin bankunan RBS ya sabunta manhajar da ke jera ayyukan dare, waɗanda ke daidaita asusun kowa kafin gari ya waye. Da aka ga matsala aka yi ƙoƙarin komawa tsohuwar, sai ya zama sabuwar da tsohuwar ba su jitu ba, ayyukan dare suka tsaya. Kwastomomin RBS da NatWest da Ulster Bank sama da miliyan 6.5 abin ya shafa: albashi bai bayyana ba, biyan kuɗi ya maƙale, na Ulster Bank suka shafe makonni kafin su ga daidai. A Nuwamban 2014 hukumomin sa ido kan harkar kuɗi na ƙasar suka ci tarar bankunan fam miliyan 56. Ba ɓarayin intanet ne suka shiga ba. Layin ayyukan bayan fage ne ya hargitse, irin layin da muke magana a kai, sai dai nasu ya fi girma.

Na san abin da wani zai ce. Ni akanta ne, ba injiniya ba, me ya haɗa ni da ST22? Kuma a kamfanoni da yawa ba a ma bai wa ƙaramin ma'aikaci izinin buɗe waɗannan shafuka. Maganar na da ƙamshin gaskiya. Ba na cewa ka gyara uwar garke, kuma hana izini na da dalilinsa, don ba a son kowa ya riƙa tsayar da aikin wani. Amma ganin kundin aikin da kai ka tura da sunanka ba shi ne taɓa na wani ba, kuma kamfanin da ya ɗora maka alhakin cewa "an biya" amma ya hana ka ganin kundin biyan ya ɗaure ka ne ya ce ka yi gudu. Wannan abin a nema ne a rubuce. Sannan akwai abin da ɗan sashen kwamfuta ba zai taɓa sani ba: shi bai san mutum 40 ya kamata a biya ba. Ya ga kore, ya wuce. Kai kaɗai ka san 34 ba 40 ba ne.

Masu ƙera manhajojin ma ba na wanke su. Yanzu da ake kawo waɗannan ayyuka kan waya da burauza, da manyan akwatuna masu launi da aka yi don a duba a tsaye cikin sauri, jarabar gamsuwa da kore ta ƙaru. Allon waya ƙarami ne, abin da ake fara yankewa don ya samu wuri shi ne bayanin da ke ƙasa. Da a ce maimakon kalma ɗaya allon zai rubuta "an sarrafa 34, an tsallake 6", da rabin wannan rubutu bai zama dole ba. Mun saba da manhajojin waya da ke ɓoye mana komai don kada su dame mu, kuma a wurin sauke waƙa ko sabunta wasa hakan ba laifi. A wurin kuɗin mutane kuwa laifi ne.

In abin ya fi ƙarfinka dole ka kai ƙara, yadda ka kai ta shi ke yanke tsawon jiranka. Saƙon "ba ya aiki" da sikirinshot ɗin jan layi ba ya taimakon kowa. Rubuta sunan aikin daidai yadda yake, ranar da lokacin da ya fara, sunan mai amfanin da ya gudu a ƙarƙashinsa, matakin da ya tsaya, da layukan ƙarshe na kundin tare da lambar saƙon kuskuren. Ƙara da abin da ya sauya tun ranar da ya yi aiki lafiya: an canza saiti, an ƙara sabon reshe, wani ya bar aiki? Kuma ka yi da wuri, domin akwai aikin share-share da ke goge tsofaffin kundaye bayan wasu kwanaki, gwargwadon yadda kamfani ya saita.

In kuma ka buɗe SM37 ka tarar aikin ya ɓace gaba ɗaya, kada ka tayar da hankalin ofis tukuna. Shafin kan buɗe ne da sunanka da kwanan watan yau. Aikin da wani ya tsara, ko wanda ya gudu jiya kafin sha biyun dare, ba zai fito ba sai ka sa alamar tauraro a gurbin suna, in kana da izinin hakan, ka ja kwanan watan baya, ka kuma tabbatar duk akwatunan matsayi shida a zaɓe suke.